Rumbun da Ba Shi da Mai Shi

Ga ta nan, ga ta nan ku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Malam!

A wani dawa can gabas, ko yamma ce, na dai taɓa ratsa shi, rijiyar namun daji ta rufta. Zaki ya tara kowa, ya ce, "Masu haƙa sai da tuwo. Za a yanka harajin gero. Nawa kowa zai ba da?"

Giwa ta ce, "Ranka ya daɗe, kowane gida dami ɗaya."

Bushiya ta fashe da kuka. "Dami ɗaya na noma duk bana. Shi ne tuwona, shi ne irina!"

Aka ce wannan bai yi ba.

Gizo kuwa, rumbunsa ya fi na kowa cika, ba ya son a taɓa ko zangarniya. Ya ce, "A duba girman jiki. Ƙato shi ke shanye ruwa."

Sai... wa ma ke da dogon wuyan nan?

Raƙumi, Malam!

Yawwa, Raƙumi. Ya ce, "Kai, ɗan tsurut! Fara ta cinye gonata. Kuma yaushe rabona da shan ruwa?"

Aka ce wannan ma bai yi ba.

Dila ya ce, "A duba abin da kowa ya noma. Cikin kashi goma a ɗauki ɗaya. Mai yawa ya ba da da yawa, mai kaɗan kaɗan, marar komai a ƙyale shi."

Kowa ya yarda. Giwa ta ba da dammuna, Bushiya ta miƙa 'yan zangarnunta tana dariya. Aka zo gidan Gizo, ya kwanta yana nishi.

"Ban noma komai ba bana."

Zaki ya ce, "To, wannan ƙaton rumbun na wa ne?"

"Ban sani ba."

"Ba naka ba ne?"

"Yau na fara ganinsa."

"Gizo, ka tabbata?"

"Ko ƙwaya ɗaya ba tawa!"

Zaki ya ce, "Madalla. Abin da ba shi da mai shi, na rijiya ne. A kwashe!"

Aka kwashe tas. Don gudun kashi ɗaya, Gizo ya rasa goma. Shi ya sa har yau kuke ganinsa maƙale a saman rumbu, yana leƙen geron da ba ya iya cewa nasa ne.

Ƙurunƙus! Kan kusu ya faɗa rijiya.