Ɗakin da Ya Fi Ƙarfin Siminti

An ce wai a wani gari an yi wani maɗinki, Tanimu, da ke haya shi da tsohuwarsa. Mai gidan na can kudu. Dillalinsa Barau shi ne wuƙa shi ne nama.

Damina na sauka, bangon ɗakin tsohuwa ya jiƙe sharkaf, fumfuna ta hau tabarma, tari ya kama ta har numfashi na neman gagararta. Sau bakwai Tanimu yana zuwa roƙon a gyara indararo, sau bakwai Barau na cewa gobe. A na takwas sai ya miƙo masa takardar tashi, wai su ne suka ɓata gida da wanke-wanke. Ina zai kai marar lafiya cikin marka? Tsoro ya kama Tanimu ƙwarai, ya garzaya gaban alƙali.

Barau kuwa, baki gare shi! Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ɗakin nan garau yake. Su daina zubar da ruwa, kwana uku ya bushe ƙamas."

Tanimu kuwa ba shi da shaida ko ɗaya.

Alƙali ya tambayi Barau, "Ban da dillanci, me kake taɓawa?"

"Ina ɗan sayar da siminti."

"Madalla. To, ga hukunci. Tanimu da tsohuwarsa su koma shagonka kwana bakwai. Buhunanka duka a kai su ɗakin, a jingina da bangon, a kulle, makulli na hannuna. In sun fito lafiya, Tanimu ya tashi."

Tanimu ya yunƙura zai roƙi alƙali, don ruwa ya ɗan ɗauke kwana biyu, bangon na iya bushewa. Amma kafin ya buɗe baki, Barau ya zabura.

"Haba, Malam! Buhu tamanin fa! Ai kafin kwana uku sun daskare sun zama dutse!"



Alƙali ya ce, "Ashe ka sani. Ka ji wa siminti tsoron kwana uku, ba ka ji wa ƙirjin tsohuwa tsoron wata biyu ba. Ka gyara ɗakin kafin Juma'a. Har ya bushe, a ɗakinka za ta kwana."

Tanimu ya durƙusa, hawaye na zuba.

Duk mai rantse maka wuri lafiya yake, ce masa ya fara ajiye nasa a ciki.