Darasi na Huɗu da Kwaɗo a Kansa

Malam Muhyiddin mutumin unguwar Bukan Sidi ne a garin Lafiya, mai ilimi da iya kwamfuta. Aibinsa ɗaya ne: tun da ya yi karatu a Kano ya dawo yana ƙyamar Hausar Lafiya. Idan mai keke ya ce "matata ya zo", sai ya gyara masa kafin ya hau.

Wata ƙungiya ta ba shi aikin tsara kwas a waya domin ungozomomin ƙauyuka. Ma'aikatan jinya suka ba shi abin da za a koyar, shi kuma ya yanka shi darasi-darasi, ya kulle kowanne da kwaɗo. Darasi ba ya buɗewa sai an rubuta amsar wanda ya gabace shi daidai da yadda ya rubuta ta, harafi da harafi.

Tambayar ƙarshen darasi na uku ita ce: idan mai naƙuda ta gaji, yaya za ta yi? Amsarsa: "Ta kwanta ta gefen hagu."

A Kwandere, kusa da Lafiya, akwai ungozoma mai suna Wandoo, 'yar Tibi ce da aure ya kawo ta. Ta rubuta, "Ya kwanta ta gefen hagu", domin a bakinta mace da namiji duk "ya" ne, kamar rabin mutanen kasuwar Lafiya. Waya ta ce: Ba daidai ba, sake gwadawa. Ba ta faɗa mata inda kuskuren yake ba. Wandoo ta ɗauka hagun ne kuskure, ta sa dama. Ta sa rigingine. Ta koma hagu. Kwaɗo yana nan.

Muhyiddin yana ganin amsoshin a kwamfutarsa. Ya nuna wa abokin aikinsa Zulkifilu yana dariya, ya ce, "Dubi nan, a Kwandere maza ne ke naƙuda." Zulkifilu bai yi dariya ba. Ya ce matar ta san amsa, kuma yawancin ɗaliban a nan suka maƙale, ya kamata a buɗe musu. Muhyiddin ya ce wadda ba ta bambance "ya" da "ta" ba, ba za ta bambance ciwo da lafiya ba.

Wandoo ta kira shi. "Oga Malam, don Allah wannan lesin ya ƙi buɗe. Ina ne na yi mistek?"

"Ki sake tunani, madam. Ilimi ba sadaka ba ne."

Ta ci gaba da kira har ya daina ɗauka.

Muhyiddin yana da ƙanwa, Afra'u, tana aure a Kwandere. Wata ranar damina da hantsi naƙuda ta kama ta, aka kira Wandoo. Ta haifi 'ya mace lafiya, aka yi guɗa. Sai jini ya ƙi tsayawa. Tsofaffin gidan suka ce jinin haihuwa ne, kowace mace ta yi shi, a dama mata kunun kanwa. Hankalin Wandoo bai kwanta ba. Ta ciro waya. Ga darasi na huɗu, sunansa a rubuce: Jinin da ba a jira da shi. Ga kwaɗo a kansa. Ta sake rubuta amsar nan. Ba daidai ba, sake gwadawa.

Ta kira Muhyiddin. Yana ofis, ya ga lambarta, ya yi tsaki ya kife wayar.

Sai da Afra'u ta fara cewa tana ganin duhu aka nemo keke napep. Hanya ta jiƙe, keken yana tafiya yana cijewa. Ba su kai Lafiya da ita da rai ba.

A wurin zaman makoki Wandoo ta durƙusa gaban Muhyiddin ta yi masa gaisuwa, sannan ta miƙa masa wayar. Ta ce, "Malam, ka buɗe mini. Ina so in san abin da ya kamata in yi masa."

"Masa" ta ce, kuma bai gyara mata ba. Ya buɗe a nan take, da taɓawa ɗaya. Layin farko na darasin ya ce idan jini ya jiƙa zane da sauri, a murza mara, a nemi mota nan da nan, kada a saurari kowa. Shi da kansa ya buga layin.

Ya cire duk kwaɗunan a ranar. Amma har yau idan waya ta yi ƙara a aljihunsa sai ya firgita, kuma ba ya iya haɗa ido da jaririyar.

Ni ne mijin Afra'u. Ban yi karatu mai nisa ba, kuma na san kwana idan ya ƙare ya ƙare. Amma ga abin da zan faɗa wa duk mai tsara karatu, a allo ne ko a waya: ka auna abin da ɗalibi ya gane, ba yadda bakinsa ya faɗe shi ba, kuma kada ka kulle ilimin da rai ya dogara a kansa. Ƙofar da ka rufe wa bare don girman kai, ba ka san ranar da naka zai tsaya a bayanta ba.