Jakar da Aka Ɓoye a Ɗakin Mai Kitso

A layin bayan masaƙa akwai wata mai kitso da hannunta ya fi na kowa kyau. Tana da kirki, sai dai ba ta jure a ce wani ya fi ta sanin labari.

Shekarar da aka rufe masaƙar, mazan layin suka koma zaman gida, gidaje da yawa suka yi zafi. Mafi zafinsu shi ne na aminiyarta, wadda ake kira Doguwa.

Wata safiya Doguwa ta zo kitso. Da Mai Kitso ta tsaga gashin da tsinke, sai ta ga kumburi a ƙeya, jini ya bushe a kai.

"Wannan kuma ƙofa ce ta buge ki, irin ta wancan watan?"

"Yi a hankali," in ji Doguwa. "Zan riƙa kawo miki kayana da na 'yata, ɗaya-ɗaya, a ƙarƙashin mayafi. Ranar Laraba ta sama zai fita neman aiki, mu kuma mu tafi wurin yayana. Don Allah, ƙawata, ko mijinki kada ya ji."

Mai Kitso ta rantse. Cikin kwana shida jaka ta cika a bayan gadonta.

Ranar Litinin ƙanwar mijin Doguwa ta zo kitso. Tun kafin ta zauna daram ta fara zuba.

"Matar Yaya ai hutu take sha. Ci da barci! Ko da sanda aka kore ta ba za ta bar gidan nan ba."

Mai Kitso ta ja gashin da ƙarfi.

"Wayyo, Anti, kaina! Ke da ake cewa kin san cikin kowane gida, ashe ko na aminiyarki ba ki sani ba."

"Ni ce ban sani ba?" in ji Mai Kitso. "To, ki jira Laraba ki gani."

Ƙanwar ta ce kanta na ciwo, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso, ta fita. Sai a lokacin Mai Kitso ta gane ɓarnar da ta yi. Ta zari mayafi za ta je ta gargaɗi Doguwa, amma ta hango ƙanwar ta riga ta shiga gidan.

Kafin la'asar mijin, da ya duba ya ga kayan Doguwa sun ragu, ya tsaya a bakin ƙofar Mai Kitso. Bai ɗaga murya ba.

"Malama, ba ni kayan iyalina."

Ta miƙa masa jakar. Washegari ya sa yarinyar a mota, ya kai ta wurin mahaifiyarsa a wani gari mai nisa. Ya san Doguwa ba za ta tafi ta bar 'yarta ba. Laraba ta zo ta wuce.

Bayan wata guda suka haɗu a bakin famfo. Doguwa ta rame, ɗankwalinta ya sauko har gira. Mai Kitso ta fara kuka tana neman gafara.

"Na yafe miki," in ji Doguwa, ta ɗauki bokitinta. "Amma kada ki sake tambayata yaya na kwana."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sirrin wanda ke cikin haɗari ba abin nuna sani ba ne. Mai Kitso ba ta ƙi aminiyarta ba, kuma ba ta yi ƙarya ba. Ta dai kasa jure gori na minti ɗaya, wata kuma ta rasa hanyar tsira da 'yarta. Idan aka ba ka amana, ka yarda a kira ka marar sani.