Jan Katakon Mu'azu

Akwai wata mata a unguwar Gyadi-Gyadi cikin Kano, sunanta Sa'adatu. Mijinta Mu'azu direban adaidaita sahu ne, daga wani ƙauye a ƙasar Rano ya shigo birni neman abinci. 'Ya'yansu biyu, Hauwa mai zuwa firamare da Binta wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Ɗaki ɗaya suke haya, kuma duk shekara sai mai gidan ya yi musu ƙari.

Akwai wata Hajiya a Darmanawa da Mu'azu ke kai wa jikoki makaranta. Da ta ga kirkinsa, sai ta ba shi aron gefen wani filinta, ta ce ya yi ɗaki su zauna. Sharaɗinta ɗaya, kada ya yi ginin bulo. Katako kawai, yadda za a iya cirewa ranar da 'ya'yanta suka tashi gini.

Daga nan Mu'azu ya fara tara katako. Ba ya sayen fari, sai ja mai nauyi, yau ɗaya, wani watan biyu. Yana jera su a jikin bangon tsakar gida, yana juya su don su bushe sosai.

Sa'adatu takan tsokane shi. "Mai shayin bakin titi cikin mako ya kafa rumfarsa. Kai kuwa kamar gidan gwamna za ka gina mana."

Sai ya yi dariya ya ce, "Ke ba ki san katako ba. Farin yana da araha, amma abincin gara ne. Ɗanye ya fi araha, amma rana na dukansa zai lanƙwashe. Jan nan daga kudu ake ɗauko shi, kuɗin mota ma kaɗai ya isa ya sa shi tsada. Sannan dole a ɗora ginshiƙan a kan bulo da siminti, kada su taɓa ƙasa, a jiƙa su da maganin gara. Abin da ke cin kuɗi a ɗakin katako, yawancinsa ido ba ya gani."

Katako ya kusa isa, sai ciwo ya kwantar da Mu'azu bayan kaka. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Ranar sadakar bakwai, yayansa Sulaiman ya kira Sa'adatu gefe. Mutum ne mai magana ɗaya, ba mugu ba ne, amma ba ya lanƙwasuwa.

Ya ce, "Kuɗin hayar nan ya kusa ƙarewa, kuma na san ba ki da na biya. Zan tafi da yaran ƙauye."

Ta durƙusa tana kuka. "Yaya, su kaɗai suka rage min. Marigayi ya bar katako, ya bar fili. A bar ni in yi ɗakin."

 Ya ce, "In kin sami wurin zama naki, na bar miki su. In babu, 'ya'yan ƙanina ba za su yi ta raɓe-raɓe a gidajen mutane ba."

A wurin akwai Ashiru, aminin Mu'azu, kafinta ne a Tarauni. Ƙauyensu ɗaya. Lokacin da ya shigo Kano ba shi da ko tabarma, Mu'azu ne ya sauke shi. Ashirun ne ya shiga kabari ya karɓi gawar Mu'azu. Yara ma Baba Ashiru suke ce masa.

Ya dafa ƙirji ya ce, "Yaya Sulaiman, wannan aikina ne. Ni zan gina, kuma ba zan karɓi kuɗin aiki ba. In na bar iyalin Mu'azu a titi, da wane ido zan kalle shi gobe kiyama?"

Kowa ya sa masa albarka.

Sa'adatu ta shiga takaba. Duk matar da ta yi takaba ta san yadda abin yake. Ni na yi, na sani. Ba ki fita, ba ki ganin komai da idonki, duniya gaba ɗaya sai abin da aka zo aka faɗa miki daga bayan labule.

Ashiru ya zo da kurar ɗaukar kaya ya kwashe katakon kaf. Daga nan kuma ya riƙa zuwa yana tsayawa a ƙofar ɗaki yana sallama.

"Maman Hauwa, ƙusa ta tashi."

Wani zuwan, "Kwanon rufin da muka yi lissafi ya ƙara kuɗi. Ga siminti na ƙafafun ginshiƙi."

Wani zuwan kuma, "Maganin gara mai kyau nake so in saya, ba na banza ba. Kin san halin marigayi, ba ya son aikin ha'inci."

Duk abin da mutane suka kawo mata na ta'aziyya, ta miƙa masa ta ƙasan labule. Da ya ƙare, ta ba shi 'yan kunnenta na aure ya sayar. Ko sau ɗaya ba ta tura wani ya je ya duba ba. Wa za ta tura ya duba aikin Ashiru? Ga matarsa Rabi kullum tana tafe da kwanon tuwo, tana zama tana taya ta hira, wani lokacin har su yi kukan tare.

Da ta fita takaba aka kai ta Darmanawa. Ga ɗaki tsaye, baƙi ƙirin yana sheƙi, ko'ina warin baƙin mai.

Ashiru ya ce, "Baƙin man inji na shafe shi da shi ciki da waje, a kan maganin. Gara ko ta nesa ba za ta zo ba."

Sa'adatu ta yi ta godiya tana hawaye, suka tare a ɗakin ita da yaran. Sulaiman ya zo daga ƙauye, ya zaga ɗakin, ya ƙwanƙwasa bango, ya ce, "To, madalla." Ya koma ya bar mata yaranta.

Da zafin bazara ya tsananta, allunan bango suka fara rabuwa, har kana iya hango titi ta tsakaninsu. Ƙofa ta ƙi rufuwa sai an ɗaga ta da ƙafa. Ta aika wa Ashiru.

Ya ce, "Haka sabon katako yake yi, zai zauna. Kada ki damu kanki."

Sannan ta fara ganin siraran hanyoyin ƙasa suna hawa jikin ginshiƙai. Ta kankare da safe, washegari su dawo. Ta sake aikawa, aka ce ya tafi aiki Daurawa. Ta sake, aka ce ba ya jin daɗi.

Wata la'asar hadarin farkon damina ya taso da iska mai ƙarfi. Ɗakin ya fara ƙara yana rangaji. Maƙwabciyarta, wata 'yar kudu da ake kira Maman Kelechi, ta fito da gudu tana ihu, "Sa'adatu, fito da yara! Fito!"

Ta suri Binta, ta ja hannun Hauwa. Ba su kai ƙofar maƙwabciyar ba suka ji rugugi a bayansu. Ɗakin ya kwanta gaba ɗaya.

Da ruwa ya tsaya, mijin Maman Kelechi, Benedict, wanda ke sayar da kayan gini, ya ɗauki guntun ginshiƙi ya juya shi. Waje baƙi, ciki fari fat kamar rogo, duk gara ta rarake shi. Ya matsa da yatsa, ya marmashe.

Ya ce, "Maman Hauwa, wa ya sayar miki da wannan? Farin katako ne, kuma ɗanye aka sa shi. Ba magani a jikinsa, mai kawai aka shafa a sama. Dubi nan, ko bulo ɗaya babu, a ƙasa aka soke shi."

Ta ce, "A'a. Mijina ja ya saya. Ni na gani da idona."

"To, ba shi ne wannan ba."

Ko a lokacin zuciyarta ba ta kawo mata Ashiru ba. Cewa ta yi wataƙila yaran aikinsa ne suka cuce shi.

Labari ya kai ƙauye. Sulaiman ya zo ya tarar da su a falon Maman Kelechi, kayansu a jiƙe a buhu. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Mun yi magana da ke." Hauwa ta shiga mota tana share ido da hijabi. Binta kuwa sai da aka ɓamɓare yatsunta daga zanin uwarta.

Washegari Sa'adatu ta tafi gidan Ashiru a Babban Giji, don ta ji yadda aka yi. Ba ta taɓa zuwa ba tun rasuwar. Ta tarar an yi sabon ɗaki a tsakar gidan, an yi rufi, ba a kai ga sa silin ba.

Rabi na ganinta ta daburce. "Lale, lale. Zo mu zauna nan waje, ciki da zafi."

Amma yayyafi ya sauko, dole suka shiga sabon ɗakin. Sa'adatu ta zauna, ta ɗaga kai.

Jan katako ne jere a sama, mai kauri, busasshe. A jikin ɗaya akwai baƙin tabon ƙuna. Ta san tabon. Ita ta yi shi, ranar da ta ajiye kurfotin gawayi kusa da katakon tana suya, Mu'azu ya yini yana mata mita.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Rabi, tun yaushe kike kwana a ƙarƙashin wannan?"

Rabi ta sunkuyar da kai. "Wallahi na ce masa bai dace ba."

"Kin sani kenan. Kina kawo min tuwo kin sani."

Ana haka Ashiru ya yi sallama. Da ya ga inda idonta yake, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ma yi musu ba.

"Maman Hauwa, aro na yi. Tsohon ɗakinmu yana yoyo, damina na tafe, dole na yi wannan. Na ce in na samu sarari zan mayar."

"Malam Ashiru, an tafi da yarana jiya."

"To ai ba ni na kawo iska ba. Kuma ki duba, filin aro ne. Wa ke zuba jan katako a filin da gobe za a ce ya tashi? Shi ma marigayin ɓarnar kuɗi ya yi, na sha faɗa masa. Ni fa ko sisi ban karɓa na aiki ba."

Ta miƙe.  "Kai ka sa shi a kabari. Da ka fito, ƙasar kabarin tana jikin rigarka ka zo ka ce min in yi haƙuri, kana nan. Ashe katakon kake kallo."

Daga nan gidan mai unguwa ta wuce. Aka tara dattawa, aka kira kafintoci biyu, aka je aka duba ɓaraguzan Darmanawa, aka zo aka duba rufin Babban Giji. Ba wanda ya tsaya wa Ashiru. Mai unguwa ya ce ba a son kuɗinsa, ba a son alkawarinsa. Ya hau ya cire katakon marayu da hannunsa, ya kai inda ya ɗauko.

Haka ya hau rufinsa cikin damina, yana ɓalle kwano, mutanen layi sun fito suna kallo. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kai masa ko gyaran kujera. Kafin shekara ya rufe shagon.

Sai dai Ashiru ya riga ya yanke katakon daidai awon ɗakinsa. Rabinsa ya zama guntaye. 'Yan kunne sun tafi, kuɗin ta'aziyya sun tafi. Sa'adatu ta koma wanki da guga a gidajen mutane, tana kwana wajen Maman Kelechi, tana sayen katako ɗaya-ɗaya. Damina ta wuce, wata daminar ta zo ta wuce, kafin wani kafinta ya tayar mata da ɗan ƙaramin ɗaki a kan bulo. Wannan karon tana tsaye a wurin aka buga kowace ƙusa.

Sulaiman ya cika alkawari. Ya zo da yaran, tare da matarsa.

Hauwa ta fito daga mota da gudu ta faɗa jikin uwarta. Sa'adatu ta durƙusa ta buɗe hannu ga Binta. Yarinyar ta kalle ta, ta koma bayan matar Sulaiman ta riƙe zaninta.

Ta ce, "Inna, wace ce wannan?"

Da Sulaiman da matarsa za su koma, Binta ta bi motar tana kuka tana kiran Inna, kamar yadda ta yi wa uwarta ranar da aka tafi da ita.

Cikin makon Ashiru ya zo. Ya rame, ya tsuguna nesa da ƙofa, ya cire hula.

"Maman Hauwa, na zo neman gafara. Na ga sakayya. Ki yafe min don Allah, ai na dawo da katakon."

Sa'adatu na zaune tana ƙoƙarin ba Binta abinci, yarinyar na kau da kai. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Katako kam ka dawo da shi. Ka ga yarinyar nan? Ranar da ta kira ni Umma da bakinta, ba wanda ya sa ta, ka dawo mu yi maganar yafiya."

Ya tashi ya tafi.

Na je gidan kwanan baya. Ɗakin yana nan daram. Binta ta saba, tana wasa, tana cin abinci. Amma har yanzu Anti take ce wa uwarta.

Darasi: Wanda ya ci amanar mamaci yana ganin kaya kawai ya ɗauka, alhali abin da ya raba mutane da shi ba ya mayaruwa ko ya dawo da kayan. Ku ji tsoron Allah a kan dukiyar marayu da matan da ke takaba. Ku kuma dangi da maƙwabta, in mace tana takaba ana yi mata aiki, ku zama idonta, ku je ku duba, ko da aminin mijinta ne ke yi. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, wataƙila ya isa ga wani da amana ke hannunsa yanzu.