Sunan da Jatau Bai Kira Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Satumba na shekarar 1971, da ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ƙaho ya faɗi daga hannun Jatau Maiƙaho a rumfar kwanon da ke bayan gidansa a Bukuru. An san lokacin daidai, domin matarsa Tabita ta ɗaga kai ta dubi agogon bango sa'ad da kiɗan ya tsinke, tana mamakin abin da ya tashi makaɗan da wuri, ga shi ruwan shayinsu bai ko tafasa ba. Ku riƙe matar nan a zuciya, gama a kanta nauyin zai sauka, daga kanta kuma zai sauko kanku.

Jatau shi ne shugaban ƙungiyar makaɗa da ake kira Taurarin Kuza. Su tara ne. Suna wasa a bikin ma'aikatan haƙar kuza, da Kirsimeti, da Salla, ba su ware kowa. Uku a cikinsu su ne ginshiƙai. Akwai Malam Dogara, tsohon malamin makarantar mishan, ɗan ƙauyensu Jatau, shi ke rubuta kalmomi a littafin makaranta mai jan layi. Akwai Tanimu, wanda ya tashi da garaya ya koma jita, shi ke kawo karin waƙa. Sai Kofur Bawa mai ganga, wanda ya yi shekara goma sha bakwai a bandin 'yan sanda, mutum mai ƙarancin magana da agogon aljihu.

Ga yadda suke aiki. Dogara ya kawo kalmomi, Tanimu ya kawo kari, Jatau ya shiga ɗaki shi kaɗai da kalmomin da karin ya rufe ƙofa, ya fito da waƙa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake yi a ɗakin. A layin ƙarshe na kowace waƙa yakan kira sunan mai ita, suna ɗaya tak. "Waƙa ba ta da uba biyu," in ji shi. Wani lokaci ya kira Dogara, wani lokaci Tanimu, sau da yawa kuma ya kira kansa. Da yake Allah bai ba shi haihuwa ba, ya sha faɗa a gaban kowa cewa wanda ya kira a ƙarshen waƙarsa ta ƙarshe, shi zai gaji ƙahon da sunan ƙungiyar.

Ranar da ƙahon ya faɗi, ɓarin jikin Jatau na dama ya shanye, harshe kuma ya ƙi. Bayan mako uku aka sallamo shi daga asibiti. Mutumin da muryarsa ke cika fili ba lasifika, sai ga shi ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Ya juya fuska ga bango. Tabita ta dama kunu ta kai, ya karɓi cokali biyu ya datse haƙora. Tana gani yana zubewa kamar katangar da damina ta ci. Ranar da za su bar asibiti wata tsohuwar nas ta ce mata, "'Yar'uwa, na taɓa ganin bakin da magana ta ƙi, waƙa ta karɓa." Da wannan ta tara mutanen nan uku a rumfa ta ce, "Shekara nawa kuna cin tuwona. Ku yi masa waƙar da za ta buɗe bakinsa, in ba haka ba kafin Kirsimeti ku haƙa masa rami."

Malam Dogara ya kulle kansa kwana goma sha biyu. Shi kaɗai a duk Bukuru ya san Kande ne sunan uwar Jatau, ya san marken da ke ƙofar gidansu a ƙauye, ya san launin akuyar da aka yanka ranar da aka kai su makaranta. Ya zuba duka a layi arba'in da huɗu, kowane layi gaɓa goma sha ɗaya, ba ƙari ba ragi. Baitin da ya fi so shi ne na ranar da Jatau ya goya shi suka haye rafi a kan hanyar makaranta, ruwa har wuya. Ya zauna a bakin gado ya karanta. Tabita ta ga hawaye ya gangaro ta idon hagu na mijinta. Bakin bai motsa ba.

Tanimu kuwa ya ce kalma ba ta tashin mara lafiya, sai abin da kunne ya ji tun yana goye. Ya rataya jita ya tafi ƙauyensu Jatau, inda bai taɓa zuwa ba, kwana biyu a mota, yini guda a ƙasa. Ƙarshen damina ne, rafin ya cika, ya haye da jitar a ka, duk da haka ta sha ruwa wuyanta ya karkace. Ya samu wata tsohuwa, ƙawar uwar Jatau, ita kaɗai ta rage da ke tuna waƙar da suke yi a kan dutsen niƙa. Kalmomin sun ɓace mata, karin kawai ya saura. A tsakiyarsa akwai wurin da murya ke tashi sama can kamar za ta tsage. Tsohuwar ta kama hannunsa ta ce, "Ɗan nan, rantse ba za ka rage mata komai ba." Ya rantse. Ya komo da zazzaɓi a jikinsa, ya kaɗa karin a bakin gado. Tabita ta ga ɗan yatsan hagu na mijinta yana bugun tabarma daidai da kiɗan. Bakin bai motsa ba.

Sai suka ce a haɗa. A nan ne suka gane abin da Jatau ke yi a ɗakin nan shekara da shekaru. Kalmomin Dogara suka yi wa karin Tanimu yawa, kamar an ɗura buhun dawa a cikin ƙwarya. In an bi kalmomin, karin ya karye. In an bi karin, sai a haɗiye rabin layi. Kwana uku suna abu ɗaya, Tabita tana jiyo su daga madafa.

"Malam, wannan wa'azi ne ko waƙa?" in ji Tanimu. "Ko limamin cocinku sai ya sha ruwa kafin ya kai ƙarshen layin nan."

"Kai kuma ka je ka ɗauko mana kukan tsohuwa," in ji Dogara. "Wa zai hau can sama? Sai dai mu nemo tsani."

Kofur Bawa bai rubuta kalma ko ɗaya ba, bai kuma ƙirƙiro sauti ko ɗaya ba. Kujera ya ɗauka ya ajiye a gefen gadon, ya fito da agogon aljihunsa, ya zauna yana ƙirga numfashin mara lafiya. Kwana goma sha tara yana zuwa, daga hantsi zuwa la'asar. Har Tabita ta fara jin haushinsa, ta ce, "Kofur, gadin gawa ka zo yi?" Ya ce, "Uwargida, awo nake." Abin da ya auna shi ne, numfashin Jatau ba ya ɗaukar fiye da gaɓa biyar, nishin da yake yi kuma ba ya wuce wani ɗan tsayi. Sai ya karɓi littafin Dogara ya sa jan fensir. Layi arba'in da huɗu suka koma tara, kowanne gaɓa biyar. Baitin rafi ya fita gaba ɗaya. Ya juya kan karin Tanimu, ya sassauta gudunsa, wurin nan da murya ke tashi sama ya sauko da shi ƙasa inda maƙogwaron shanyayye zai iya kaiwa. Ya zaunar da kowace doguwar gaɓa a kan dogon sauti, ya bar wurin shaƙar iska a ƙarshen kowane layi.

Dogara ya ga littafinsa ya ce, "Mahauci ma yakan bar kai da ƙafa." Tanimu ya ce, "Ka sa na ci amanar tsohuwa." Kofur ya ce, "Ba don ku na yanka ba. Ga mai rigar can a kwance, da jikinsa na gwada."

Ranar Alhamis, ashirin da biyar ga Nuwamba, da hantsi, suka shiga ɗakin su uku. Tanimu na kaɗa karkatacciyar jitarsa, Kofur na buga gefen gado da yatsu biyu, Dogara na rerawa da muryarsa marar daɗi:

Jatau na Kande,
taso mu koma,
marke na jira,
dawa ta nuna.

A zagaye na huɗu Tabita ta ji wata murya ta shigo ƙarƙashin ta Dogara, a shaƙe, kamar ana jan turmi a ƙasa. Ƙwaryar da ke hannunta ta faɗi. Jatau ya bi layi takwas ɗaya bayan ɗaya. Ya iso na tara, wanda ke cewa "Mai waƙa shi ne," inda Kofur ya bar bugu uku ba kalma, domin sunan. Ya dubi Dogara. Ya dubi Tanimu. Ya dubi Kofur. Bugu ukun suka wuce fanko. Rannan ya shanye kunu kofi guda, ya nuna a ƙara.

Ya rayu bayan haka wata tara babu kwana biyar. Magana ba ta dawo ba. Waƙar nan kaɗai ke fita, da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, har Tabita, Allah ya gafarta mata, takan toshe kunne a madafa. Mutanen ukun ba su ƙara shiga ɗakin tare ba. Kowa ya zaɓi ranarsa, ya zo ya zauna shi kaɗai, ya ja waƙar, ya kasa kunne a wurin bugu ukun nan. Tabita ta lura cewa ba fuskar mijinta suke kallo ba, bakinsa suke kallo. Ko sunan ne ya fi ƙarfin harshensa, ko shi ne ya ƙi, ba ta sani ba. Ta tambaye shi sau ɗaya, ya rufe ido. Ya rasu ranar Lahadi, ashirin ga Agusta, 1972, ana buga ƙararrawar sujada ta biyu.

Bayan an share makoki suka zo rumfa, kowa a kan bencinsa, Tabita a tsakiya da ƙahon naɗe cikin tsohon zane.

Dogara ya ce, "Uwargida, da me ya buɗe baki? Da sunan uwarsa. Wa ya san sunan in ba ni ba? Ko gaɓa ɗaya da ta fito daga bakinsa tawa ce. Kofur kuwa ya cire baiti ɗaya tak da nake ciki. Ku duba kuma bugu ukun da ya bari. Sunana ya cika su, na Tanimu ya cika su, nasa ne kaɗai ke shiga har da sauran wurin numfashi. Wa aka sauƙaƙa wa hanya?"

Tanimu ya ce, "Inna, kin gani da idonki, an karanta masa kalmomin nan ya yi kuka kawai, kuka kuwa ko albasa tana sa shi. Karina ne ya fara motsa jikinsa. Na haye rafi, na lalata jitata, na karya rantsuwa. Tsohuwar nan ta mutu ban koma na nemi gafararta ba."

Kofur ya daɗe yana juya agogonsa, sa'an nan ya ce, "Ba ni da kalma a ciki, ba ni da sauti. Amma kowannensu ya gwada nasa shi kaɗai, sun kuma gwada tare, bakin bai buɗe ba. Aikin da marigayi yake yi a ɗaki, wanda saboda shi yake kiran sunan kansa, shi na yi. Bugu uku kuwa, da na bar biyu, da kun ce na rufe muku ƙofa."

Tabita ta dubi ƙahon a cinyarta. Ta san in babu Dogara ba abin da za a rera, in babu Tanimu ba abin da za a rera shi a kai, in babu Kofur da an binne mijinta kafin Kirsimeti da littafi da jita a gefensa. Ta kuma san duk wanda ta miƙa wa, sauran biyun za su fita ba za su ƙara gaishe ta ba. Ta ce su ba ta mako guda. Mako ya zama wata. Ƙungiyar da ba ta da shugaba ba a gayyatarta biki, kafin ƙarshen shekara rumfar ta zama wurin ajiye itace.

Ga waɗanda suka rage, yadda aka lissafa su a farkon shekarar 1973. Tabita, a gidan, da ƙahon a ƙarƙashin gado. Malam Dogara, ya koma koyarwa a wani ƙauye, da layinsa arba'in da huɗu da ya sake kwafewa da tawada, ba wanda ya taɓa rera su. Tanimu, yana kaɗa jita a tashar jirgin ƙasa, kowane kari yana yi ban da wannan. Kofur Bawa, mai gadin wani sito, ya sayar da gangarsa ya riƙe agogon. Cikin sauran biyar, biyu sun bi wata ƙungiya zuwa Kaduna, ɗaya ya koma ramin kuza, ɗaya yana tuƙin tifa, ɗaya ba a san inda ya shiga ba. Sai waƙar, wadda matan unguwar suka ɗauka ta kan katanga suna yi wajen wanki, in sun iso layin ƙarshe su yi shiru na bugu uku, ba su san dalili ba.

To, ku da kuka ji duka, ƙahon yana nan naɗe a zanensa. Da ku ne Tabita, wa za ku miƙa wa: wanda ya kawo kalmomin, ko wanda ya kawo karin, ko wanda ya yanke su biyun har suka shiga bakin mara lafiya?