Gyaɗar Falalu da Kwana Goma Sha Biyu

Isah, Hauwa'u, ku ajiye wayoyin nan ku matso. Kwana uku ke nan kuna ja-in-ja a kan ranar da za a cire gyaɗar gonar mahaifinku, ni kuwa kunnena ya gaji. Ku saurara.

Akwai wani manomi mai suna Falalu a wani ƙauye gabas da Dutse, a shekarun da jirgin ƙasa ya fara isowa Kano, Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa. Ƙarfi gare shi, ba ya wasa da fartanya. Aibinsa ɗaya ne: tunda ya je Kano ya ga jirgi da idonsa, ya dawo yana ganin duk ƙauyen barci suke yi.

Gonar da ya gada rabi tasa ce, rabi ta ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Zinariya. Iri ɗaya suka shuka, rana ɗaya, irin da gidan ke adanawa tun kakanni.

Da damina ta ja baya, sai ga wani madugu, Ɗanmusa, ya sauka da jakunansa. Ya ce ayarinsa zai tashi zuwa Kano bayan mako biyu, mai ɓararriyar gyaɗa ya kawo.

Falalu ya shiga gona ya tuge tushe ɗaya. Ya ga 'ya'ya reto-reto, manya, har ransa ya yi fari.

Gwaggo Zinariya tana tsugune a nata ɓangaren. Ta miƙo hannu ta tsinki ɗaya, ta fasa da haƙori, ta nuna masa cikin ɓawon.

"Me ka gani?"

"Gyaɗa na gani, Gwaggo."

"Makaho ma ya san gyaɗa ce. Dubi cikin ɓawon. Fari fat, kamar auduga. Wannan girma ta yi, ba ta ƙosa ba. Ruwa ne a cikinta. Sai ka ga cikin ya yi duhu, ƙwayar ta saki ɓawonta, sannan ta gama shan abin da za ta sha."

Falalu ya yi dariya. "Gwaggo, ruwa ya ɗauke. In ƙasa ta bushe, rabinta a ciki za ta tsinke. Kuma ayari ba ya jiran tsofaffi."

"Ƙasar nan da sauran laima. Na tona da yatsana."

"A Kano ba a awon gyaɗa da yatsa."

"To ɗan Kano, Allah ya ba da sa'a. Amma ka bar kunya biyar saboda iri."

Bai bar ko ɗaya ba. Washegari ya cire tasa duka, ya shanya. Kullum in ya wuce sai ya ga tsohuwa ta fasa ƙwaya ɗaya, ta leƙa, ta jefa a baki, ta koma gida. Har tsokanarta yake: "Gwaggo, a haka za ki cinye gonar kafin ta ƙosa."

Da gyaɗarsa ta sha rana, sai ta fara magana. In ya girgiza ɓawo, sai ya ji ƙwaya tana ƙaras-ƙaras a ciki. Aka ɓare. Duk ta motse, ta yi tamoji kamar fuskar wanda ya tashi daga jinya. Ɗanmusa ya damƙi cikin hannu ɗaya, ya murza, ya zubar.

"Wannan ba mai a cikinta. In na kai wa Bature, da ni da jakina zai kora."

Ya tsinci kaɗan ya tafi. Falalu ya ce ba komai, sauran za ta yi iri. Ya zuba a tulu ya liƙe da laka.

Ita kuwa Gwaggo, ran da ta fasa ta ga duhu, ran nan ta kira mata suka cire. Gaskiya ne wasu sun tsinke a ƙasa. Ta bi da roro ta tsince abinta.

Damina ta zagayo. Ruwan shuka ya sauka, Falalu ya shuka nasa irin. Kwana bakwai, kwana goma. Gonar Gwaggo ta yi kore shar. Tasa tsiro ɗaya nan, ɗaya can, su ma a langaɓe. Ya tona rami ya tarar ƙwayar ta ruɓe.

Ya zagaya ƙauye neman iri, kowa ya riga ya shuka nasa. Ƙafarsa ta kai shi inda ba ya so.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. "Gwaggo, barka da hutawa."

"Ɗan Kano ne? Yaya jirgi?"

Ya sunkuyar da kai. "Irin Baba ya mutu a hannuna."

Ta shiga ta fito da ƙwarya cike da gyaɗa mai ɓawo, wadda ta ware tun kaka don ta san za a zo. Ya miƙa hannu, ta janye.

"A nan za ka ɓare ta, a gabana. Kowace ka fasa, ka leƙa cikinta."

Ya zauna yana ɓara har rana ta karkata. Duk wadda ya buɗe, cikinta da duhu, ƙwaya a cike.

"Kwana nawa tsakanin cirarka da tawa?"

"Goma sha biyu, Gwaggo."

"Kwana goma sha biyu ka ƙi jira. Ga shi ka jira shekara."

To Isah, kai ka ce motar haya ba za ta jira ba. Hauwa'u, ke kin ce a bari sai wata ya ƙare, alhali ke ma ba ki taka gonar ba. Gobe ku je tare, ku tuge tushe uku, ku fasa, ku leƙa. Abin da kuka gani, a kansa za ku tsayar da magana. Ku kashe zancen nan tsakaninku, kada ya sake dawo mini.

Darasi: Girma daban, ƙosawa daban, a shuka ko a ɗan Adam. Kada gaggawar mai saye ta sa ka cire abin da bai gama ba, kuma ka duba ciki kafin ka yanke hukunci. Ku tura wa duk wanda gonarsa ta kusa kaka.