Tsohon Jemage a Shimfiɗar Zabuwa

An yi wata Zabuwa a wani daji wadda dabbobi suka damƙa wa aikin jinya. Duk wanda ya karye, ko tsufa ya kayar da shi, gindin tsamiyarta ake kai shi. Ba ta da ƙiwuya, wannan kam dole a yaba mata. Kunne ne ba ta da shi. Kullum sai ta ce ita ta reni 'ya'ya ba adadi, ko da yake kowa ya san rabin ƙwanta kajin ƙauye ne ke kwanciya a kai.

A reshen tsamiyar kuma akwai Hawainiya, mai tafiya kamar ba za ta isa ba. Ita halinta son tambaya.

A tsakiyar damina iska ta kaɗo wani tsohon Jemage daga kan ɓaure, fiffikensa na hagu ya karye. Aka kawo shi. Zabuwa ta ɗora fiffiken da sillen kara, ɗori mai kyau. Daga nan ta shiga yi masa abin da take yi wa kowa: shimfiɗar ciyawa a ƙasa, gero da sassafe, shan hantsi har rana ta take.

Jemage ya yi godiya, sannan cikin ladabi ya roƙi a taimaka a rataye shi a reshe, kai ƙasa. Zabuwa ba ta ko dube shi ba. Ta juya ga masu dubiya ta ce su yi masa uzuri, faɗuwar ta taɓa masa kai, wane mai hankali ne zai nemi a rataye shi?

Kwana bakwai geron yana nan kamar yadda aka zuba. Rana kuwa na dukan idonsa har hawaye ya yi masa hanya a fuska. Da ya ga ba mai jin sa, sai ya fara jan jiki zuwa jikin tsamiyar don ya hau da kansa. Sau biyu Zabuwa tana kama shi. A na uku ta janye shimfiɗar can nesa, tsakiyar fili, ta samo igiyar rama ta ɗaure ƙafafunsa a jikin turke. Ƙulli uku ta yi, ta ce don lafiyarsa ne, kada ya faɗo ɗorin ya lalace.

Abin ya dami Hawainiya. Ta sauko, ta yi rabin yini kafin ta isa shimfiɗar, ta zauna kusa da kansa ta gaishe shi. Ta tambaye shi yadda yake kwana a gidansu, da abin da yake ci.

Tsohon ya rufe ido, har ta zaci barci ya yi. Ashe kuka yake. Ya ce ita ce ta farko da ta tambaya. Ya gaya mata shi ɗan ɓaure yake ci, haƙoransa ba na gero ba ne, idonsa kuma ba na rana ba ne.

“Amma duk wannan mai sauƙi ne, 'yata. Mu ba ma iya tashi daga ƙasa. Sai mun rataya a sama, mu saki jiki, iska ta ɗauke mu. Ko fiffiken nan ya warke, in dai ina ƙasa, wanda ya zo cin nama ya samu.”

Hawainiya ta kai wa Zabuwa wannan magana yadda ta ji ta. Zabuwa ta tayar da jijiyar wuya.

“Tantabara nawa na yi jinya a shimfiɗar nan? Hasbiya nawa? Duk daga ƙasa suka tashi. Mai fiffike mai fiffike ne.”

“Yaya, shi ba tantabara ba ne.”

“To ke da shi, wa aka ba aikin?”

Hawainiya ta ce lallai Zabuwa aka ba aikin, amma jikin na Jemage ne. Zabuwa ta ce in ta gama wa'azi ta koma reshenta, in ta fara tafiya yanzu wataƙila ta isa kafin kaka. Hawainiya ta koma ranta a ɓace.

Ranar da Jemage ya cika kwana ashirin aka kwance ɗori. Fiffike ya warke sarai. Amma igiyar tana nan, domin Zabuwa ta ce sai ya yi ƙiba za ta sallame shi, kada a ce ba ta iya kiwo ba. Shi kuwa sai ramewa yake, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa.

Da hantsin ranar, bayan ruwa ya ɗauke, Hawainiya ta hango wani jan layi yana fitowa daga ciyawa. Kwarkwasa ce, tururuwar nan mai tafiya runduna guda, wadda ba ta barin komai sai ƙashi. Layin ya ratsa tsakanin tsamiya da shimfiɗar, bakinsa kuma ya fara karkata wajen tsohon.

Ta ƙwalla wa Zabuwa kira. Zabuwa ta zo a guje ta hau saran igiya da baki. Rama ta sha ruwa, ƙullin ya ƙara tamkewa. Na farko ya kwance. Na biyu ya ƙi, sai da bakinta ya yi jini. Kafin ta tsinke na uku, 'yan gaban rundunar sun hau ciyawar shimfiɗa.

“Tashi,” in ji Zabuwa. “Na kwance ka. Tashi mana.”

Jemage ya buɗe fukafukai ya buga. Ƙirjinsa ya daki ƙasa. Ya sake bugawa, ya kife a taɓo. Ƙafafun da suka yi kwana da kwanaki a ɗaure ko miƙewa ba sa yi. Kwarkwasa biyu suka kama gefen fiffikensa, ya cije baki.

Zabuwa ta kama wuyansa da baki ta yi ƙoƙarin tashi da shi. Ta ɗaga shi kamu ɗaya, suka faɗo tare. Tsoro ya kama ta. Ta ɗaga kai ta tambayi Hawainiya yadda za ta yi.

“Ba ni za ki tambaya ba,” in ji Hawainiya. “Ga shi nan a gabanki.”

Zabuwa ta sunkuya wajen Jemage ta ce, “Baba, me zan yi?”

Jemage bai ɓata lokaci ba. Ya ce ta tsuguna ta ba shi baya, shi zai maƙale da faratan fiffikensa. Ta kai shi jikin tsamiya ta jingina shi da ɓawon, sauran aikin nasa ne.

Zabuwa ta dubi tsamiyar. Ita da kanta ta nesanta shi da ita, yanzu kuma rundunar ta cika tsakani, faɗinta ya fi a tsallake. Da nauyinsa a bayanta ba za ta iya tashi sama ba. Ta rufe ido ta shiga da gudu.

Kwarkwasa suka hau ƙafafunta. Suka shige ƙarƙashin gashinta, suka kai wuya, suka kai fatar ido. Ta yi tuntuɓe sau ɗaya, gwiwarta ta taɓa ƙasa. Ta miƙe. Da ta isa jikin itacen ta juya baya ta danna shi da ɓawon.

Tsohon ya kafa farce ya fara hawa, kwarkwasa na biye da shi. Hawainiya ta sauko iyakar inda za ta iya, tana ɗauke na kusa da shi da harshe. Ya kai reshen farko, ya juya kai ƙasa. Ƙafa ɗaya ta zame. Ɗayar ta riƙe. Ya ja numfashi ya saki jiki. Ya yi ƙasa har kamar zai daki ciyawa, sannan fukafukan suka buɗe, ya wuce ta saman rundunar ya nufi ɓaure.

Zabuwa kuwa da ƙyar ta kai kanta kududdufi ta yi ta birgima. Kwana huɗu idonta bai buɗe ba saboda kumburi, kuma labari ya gama daji. Masu kawo marasa lafiya suka fara canja hanya.

Da ta samu sauƙi, kunya ta hana ta sukuni. Ta ɗingisa har gindin ɓaure don ta nemi gafara. Ta ɗaga kai ta ga jemagu rataye reshe-reshe, sun fi ɗari uku, kowa ya lulluɓe da fiffikensa. Ta yi sallama ta ce ta zo wajen tsohon da ta yi jinya.

Wata tsohuwa a reshen ƙasa ta buɗe ido ɗaya.

“Tsofaffi suna da yawa a nan, kuma iskar bana ta karya da dama. Mene ne sunansa?”

Zabuwa ta buɗe baki. Kwana ashirin tana juya shi, tana share masa shimfiɗa, tana zuba masa gero. Amma ko sau ɗaya ba ta taɓa tambayar sunansa ba.

Darasin da ke cikin wannan labari, yara, shi ne: kula da mutum ba yi masa abin da ya dace da kai ba ne. In aka ba ku riƙon tsoho, ko mara lafiya, ko mai naƙasa, ku zauna kusa da shi ku san ko shi wane ne, ku tambaye shi abin da yake so, ku kuma yarda da amsarsa ko da ta zo muku baƙuwa. Zabuwa ba muguwa ba ce, ta sha wahala ƙwarai a kan tsohon nan. Duk da haka saura kaɗan ta kashe shi.